Lambobin Matsalar Injin Mota: Abin da Suke Faɗa da Yadda Ake Bin Sawunsu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin tsarin da motocin zamani ke amfani da shi wajen ba da rahoton matsalar inji, wato OBD-II, tun daga dalilin ƙirƙiro shi har zuwa yadda ake karanta lambobinsa. Ta nuna cewa lambar da na'ura ke fitarwa rahoto ce a kan wani gwaji da ƙwaƙwalwar inji ta yi wanda sakamakonsa ya kauce wa ƙa'ida, kuma akwai bincike a gaba kafin a san kayan da ya lalace. An ɗauki lambobi huɗu da ake yawan cin karo da su a motocin da ke yawo a ƙasar Hausa, wato P0171 da P0301 da P0128 da P0420, aka bi sawunsu.

1.0 Gabatarwa

Kanikawan da suka koyi sana'a a kan Peugeot 504 da 505, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin da ya fara aiki a Kaduna a 1975, da kunne da hanci da ido suke gano ciwon mota. Sukan saurari silo, su shinshina hayaƙin salansa, su kwance fulogi su dubi launinsa, sannan su juya sukurun kafireto har inji ya daidaita. Motocin da suka cika titunanmu a yau kuwa, Corolla da Camry da Accord da Golf da ake shigowa da su daga Amurka da Turai ta Legas ko Kwatano, ba su da sukurun da za a juya. Wata 'yar kwamfuta ce, wadda kanikawa ke kira birenbos, a nan kuma za a kira ta ƙwaƙwalwar inji, ke ƙayyade yawan man da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta kunna fitilar nan mai ruwan ɗorawa da direbobi ke kira cek.

Daga nan ne aka samu maganar "a sa mata kwamfuta". Mai mota yakan je gareji da zaton na'urar za ta ambaci sunan kayan da ya mutu, a saya a sa, a wuce wurin. Wannan zato shi ke sa a canza sensa biyu ko uku, a ƙara da famfon mai, fitilar kuma ta dawo bayan kwana biyu. Kuɗin da ake asara ta wannan hanya ya isa a tsaya a fahimci abin da lambar take nufi tun daga tushe.

2.0 Asalin Tsarin da Abin da Aka Yi Shi Dominsa

Gurɓatar iska ce ta haifi wannan tsari. Hayaƙin motoci ya daɗe yana turnuƙe birnin Los Anjeles da kewayensa, abin da ya sa jihar Kalifoniya ta kafa hukumar kula da ingancin iska a 1967. Hukumar ta buƙaci sababbin motoci, daga ƙirar 1988, su riƙa sa ido a kan kayan da ke rage dafin hayaƙi, su kuma sanar da direba idan sun lalace. Sai dai a wancan mataki kowane kamfani da soket ɗinsa da lambobinsa. A tsofaffin Toyota, alal misali, ana haɗa ƙafa biyu na soket, TE1 da E1, da guntun waya, sannan a ƙirga sau nawa fitila ta ƙifta. Daidaituwa ta zo da OBD-II, wanda ya zama tilas a kan duk ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka daga ƙirar 1996. Tarayyar Turai ta bi sahu da nata mai suna EOBD, a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Tun daga lokacin soket ya zama iri ɗaya, mai ƙafa 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari.

Wannan tarihi yana da tasiri kai tsaye a kan mai gyara. Ƙa'idar da aka gina tsarin a kanta ita ce a kunna fitila idan wata matsala za ta sa dafin hayaƙi ya haura ninki ɗaya da rabi na abin da doka ta amince. Ke nan abin da ya dami hukuma shi fitilar ta fi kula da shi, ko da bai dami direba ba. Marfin tanki da ba a ɗaure sosai ba yana iya kunna ta, domin tururin fetur na tsiyaya, a samu lamba irin su P0455 ko P0457 alhali mota na tafiya lafiya lau. A ɗaya ɓangaren kuma, bel ɗin tayimin na iya kusantar tsinkewa, ko metal ya ci, ba tare da an ga lamba ko ɗaya ba. Rashin lamba bai zama shaidar lafiyar inji ba, kuma a nan ne kunnen tsohon bakanike ke da sauran amfani.

3.0 Ƙirar Lamba

Kowace lamba tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na nufin inji da giya, B jikin mota kamar jakar iska da na'urar sanyaya ciki, C birki da sitiyari da ƙafafu, U kuma layin sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Alƙalami na farko idan sifili ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne, to ta kamfani ce, don haka P1 ɗin Honda na iya bambanta da na Volkswagen ko da alƙaluman sun zo ɗaya. Na biyu yana nuna sashe: 1 da 2 awon iska da mai, 3 wuta da misin, 4 kayan tace hayaƙi, 5 silo da awon gudu, 6 ƙwaƙwalwar kanta, 7 giya. Biyun ƙarshe su ke fayyace gwajin da aka yi.

Akwai wani abu a nan da zai ja hankalin manazarcin harshe. Fassarar lambobi da dama, kamar P0135 ko P0335, tana ɗauke da kalmar da ke nufin zagayen lantarki gaba ɗaya: sensar, da wayoyinta, da soket ɗinta, da fis, da wurin da aka ɗaure wayar ƙasa. Amma idan mai na'ura ya juya zai yi wa mai mota bayani da Hausa, wannan kalma ce ta farko da ke faɗuwa, sai a ji "sensa ce ta mutu". Jimlar da ke kan na'ura ta ce saƙon da ke zuwa ta wannan layi bai yi daidai ba. Jimlar da ta shiga kunnen mai mota ta ce a sayi kaya. Tsakanin jimlolin biyu akwai wayar da ɓera ya ci, da soket ɗin da ruwan wankin inji ya shiga, da fis na 'yan kuɗi kaɗan.

4.0 Daga Lamba zuwa Dalili: Misalin P0171

Ma'anar P0171 ita ce haɗin iska da mai ya yi tsinkin mai a layin silinda na farko, wato iska ta rinjayi fetur. Domin a gane yadda ƙwaƙwalwa ta kai ga wannan hukunci, sai an san lissafinta. Fetur yana ƙonewa sarai ne idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, bisa nauyi. Akwai sensa a bayan matatar iska mai ɗauke da siririyar waya da ake zafafawa da lantarki. Gwargwadon yadda iskar da ke wucewa ke sanyaya wayar, gwargwadon yadda ake gane yawanta. Da wannan awo ƙwaƙwalwa ke ƙayyade tsawon lokacin da nozul zai buɗe. Sannan akwai wata sensar a bakin salansa da ke auna oksijin ɗin da ya rage a hayaƙi. A tsohon samfurinta, tana kaiwa da komowa tsakanin bolt 0.1, alamar mai ya yi kaɗan, da bolt 0.9, alamar ya yi yawa. Ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko lissafin farko ya yi daidai.

Idan sensar hayaƙi ta ce mai bai isa ba, ƙwaƙwalwa takan ƙara, ta kuma rubuta yawan ƙarin a matsayin kaso cikin ɗari. Ana iya kiran wannan gyaran awon mai, kuma iri biyu ne: na nan take, da na dogon lokaci wanda take koyo ta adana. A inji mai lafiya jimillarsu ba ta cika wuce kashi 10 sama ko ƙasa ba. Idan ƙarin ya kai wajen kashi 25 ko fiye, gwargwadon iyakar da kamfani ya sa, sai ta rubuta P0171. Abin lura shi ne lambar ba ta ambaci wani kaya ba. Iyakar abin da ta ce shi ne an yi ta ƙara mai har an kai maƙura. Yawancin lokaci sensar hayaƙi gaskiya ta faɗa, amma ita ce ake fara cirewa, tamkar a kama ɗan aike a kan saƙon da aka ba shi.

Hanyoyin da ke kai ga wannan hali uku ne a dunƙule: iska na shiga ta wata kafa bayan an riga an auna, ko sensar iska na rage awo, ko man da ke isa nozul bai kai yadda ake zato ba. Ana iya rarrabe su ba tare da an kwance ko sukuru ɗaya ba. Da farko a duba hoton da ƙwaƙwalwa ta ɗauka a daidai lokacin da ta rubuta lambar, wanda ke nuna juyin inji da zafin ruwa da gudun mota da nauyin da inji ke ɗauke da shi. Sannan a kalli gyaran awon mai a silo, a taka totur zuwa juyi 2,500 a minti a sake kallo.

Idan ƙarin yana da yawa a silo amma ya sauka da aka taka totur, to iska ce ke satar hanya. Dalili kuwa a fili yake: a silo iskar da inji ke ja kaɗan ce, don haka 'yar kafa tana da babban tasiri, da aka buɗe totur sai ta ɓace cikin yawan iskar da ke shiga ta halas. A nan sai a nemi tiyon roba da ya tsage, ko bututun da ke tsakanin sensa da totur, ko gasket. Masu gyaran Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE sun san gasket ɗin bututun shigar iska yakan ƙanƙance ya saki idan inji ya yi sanyi. Saboda haka idan hoton ya nuna an rubuta lambar ruwa bai gama zafi ba, musamman da safiyar hunturu, can ya kamata a fara dubawa.

Idan kuwa akasin haka aka gani, wato silo lafiya amma ƙarin na hawa yayin da ake taka totur, zargi ya koma kan sensar iska ko hanyar mai. A nan yanayin ƙasarmu ya shigo. Ƙurar hunturu laushi gare ta, kuma matatar iska da aka sha busawa da iskar faci ana mayarwa, ko jabu wadda ba ta zauna daidai a gidanta ba, tana barin ta ta wuce. Ƙurar takan lulluɓe siririyar wayar nan ta hana iska sanyaya ta yadda ya kamata, sai sensa ta ba da rahoton iska ƙasa da wadda ta shiga. Maganinta sau da yawa feshi ne da ruwan wankin da aka yi dominta, ba tare da an taɓa wayar da hannu ko tsumma ba, sannan a sa matata ta gari. Idan wanki bai sauya komai ba sai a auna ƙarfin mai da geji. A wannan Corolla ana sa ran ganin psi 44 zuwa 50. Ƙasa da haka na nuna famfo ya gaji ko matatar mai ta toshe, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke shan man 'yan bumburutu daga galan mai datti. Sai an kawar da duk waɗannan, an kuma tabbatar salansa ba ta huje ba a gaban sensar hayaƙi, sannan ake da hujjar zargin sensar kanta.

4.1 Misin

Lambobin misin sun fi sauƙin bi. Ƙwaƙwalwa na gane misin ne ta sensar karanshaf: duk silindar da ta ƙone mai takan ɗan ingiza juyin, wadda ta yi fashi kuma takan bar shi ya ɗan ja baya. P0301 na nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuwa misin ne da bai tsaya wuri guda ba. Gwajin da ya fi arha shi ne musanya. A ɗauke kwayil ɗin silinda ta ɗaya a mayar ta uku, a goge lamba, a tayar. Idan ta koma P0303, kwayil ne. Idan ta tsaya inda take, a yi haka da fulogi, sannan nozul. Idan duk ba ta motsa ba, a auna matsin silindar, domin matsalar ta koma ta bawul ko ringi ko gasket ɗin kan inji, kuma ba wani kayan lantarki da zai gyara ta.

Fitilar da ke ƙiftawa ta bambanta da wadda ta tsaya cak. Ƙiftawa na nufin misin ya yi tsananin da ɗanyen fetur ke gangarawa salansa yana ci da wuta a cikin katalis, kuma zafin na iya narkar da shi. Direban da ya ga haka ya sassauta totur, ya nemi wurin tsayawa.

5.0 Lambobin da Ake Jawowa da Hannu

Wasu lambobin ba lalacewa ce ke kawo su ba, al'adar gareji ce. An saba, da mota ta iso, a cire mata tamosta a kuma haɗa fanka kai tsaye, bisa hujjar cewa don ƙasar sanyi aka sa ta. Aikin tamosta shi ne tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya kai zafin aikinsa. A Toyota da dama takan fara buɗewa a kusan digiri 82 na ma'aunin Salshiyas. Idan babu ita, inji yakan daɗe bai yi zafi ba, a kan babban titi da sanyin safiya ma yana iya kasa kaiwa sam. Ƙwaƙwalwa kuwa tana ɗaukar inji mai sanyi a matsayin mai buƙatar ƙarin mai, sai ta yi ta fesawa. Sakamakon shi ne shan mai, da fulogi mai baƙi, da fetur da ke wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Lambar da ke biyo baya ita ce P0128. A ganin mai wannan rubutu, hujjar cire tamosta ba ta da ƙarfi. Motar da ke zafi tana yi ne saboda lagireton da tsatsar ruwan rijiya ta toshe, ko fankar da ba ta tashi, ko marfin da ba ya riƙe matsi. Hasali ma akwai injinan da tamostarsu ke rufe wata gajeriyar hanya idan ta buɗe, waɗanda cire ta ke sa ruwa ya riƙa zagaye bai shiga lagireto sosai ba, zafin ya ƙaru.

Haka lamarin katalis yake, wanda ake yi wa laƙabi da indomi saboda kamannin saƙar cikinsa. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake farauto shi, wani lokaci da sanin mai mota, wani lokaci ba da saninsa ba. Ƙwaƙwalwa na gwada shi ta kwatanta sensar da ke gabansa da ta bayansa. Idan yana aiki, ta baya takan kwanta kusan wuri guda. Idan ta fara kaiwa da komowa kamar ta gaba, an san hayaƙi na wucewa yadda ya shigo, sai a rubuta P0420. Katalis bai cika mutuwa don kansa ba. Misin da aka ƙyale, ko injin da ke ƙona baƙin mai, su ke kashe shi, kuma wanda ya sa sabo bai magance su ba zai sake saye.

Illar da ta fi girma a waɗannan biyun ita ce fitila ɗaya ce tak ke wakiltar ɗaruruwan lambobi. Da zarar ta zama kullum a kunne saboda tamosta ko katalis da aka cire, direba ya saba da ita kamar adon dashbod, kuma ranar da sabuwar matsala ta zo babu abin da zai sauya a gabansa.

Akwai kuma yanayin da na'ura ke zubo lambobi goma ko fiye daga sassan da ba su da alaƙa, da yawansu masu harafin U. Kafin a taɓa komai a auna batir. Cikakken batir na nuna kusan bolt 12.6 inji a kashe, da 13.5 zuwa 14.5 yana aiki. Raunin wuta ko kan batir mai tsatsa na rikita kwamfutocin gaba ɗaya.

6.0 Goge Lamba

Ƙananan na'urori masu arha da ake haɗawa da wayar hannu, yawancinsu kwaikwayon ELM327, sun sa goge lamba ya zama aikin daƙiƙa biyar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne gogewa na tafiya da hoton lokacin da matsalar ta faru, wato shaidar da ta fi amfani ga mai bincike. Don haka a rubuta komai kafin a goge. Idan gyara ya yi, ba ma dole sai an goge ba: fitila na mutuwa da kanta bayan tafiya uku a jere da gwajin ya wuce lafiya, lambar kuma ta fita daga ajiya bayan inji ya yi zafi daga sanyi sau 40. Haka nan lambobi da yawa ba sa kunna fitila sai matsalar ta maimaitu a tafiya biyu. A karon farko tana zama a jerin masu jiran tabbaci. Wannan ne ya sa mota ke fita gareji fitila a kashe ta dawo da ita washegari.

Ga mai sayen mota wannan ilimi kariya ne. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba: fitilar cek dole ta kama tare da sauran, idan ba ta kama ba an cire ƙwanta ko an rufe ta. Sannan a sa na'ura a duba gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta, na katalis da na sensar hayaƙi da na tururin tanki. Gogewa na mayar da su duka zuwa matsayin ba a kammala ba, kuma motoci da dama na nuna kilomita nawa aka yi tun gogewar ƙarshe. Motocin kasuwar Amurka daga ƙirar 2010 suna da ƙarin rukuni na lambobin dindindin, waɗanda na'ura ko cire kan batir ba sa gogewa sai ƙwaƙwalwa ta sake gwajin ta gamsu. Cire batir ma yana mayar da gwaje-gwajen baya, kuma motar da ta sha doguwar tafiya a jirgin ruwa ko ta daɗe a ajiye na iya nuna haka ba tare da an yi nufin ha'inci ba. Abin yi a wannan hali shi ne a tuƙa ta cikin gari da kan babban titi, a bar ta ta kwana ta huce, a sake tuƙawa, sannan a mayar da na'ura kafin a biya kuɗi.